Tukunyar Irin Inna Tana Kulle a Sitonku na Kalgo

Zuwa ga Shugaban shirin rabon sabon irin gero, wanda motocinsa suka shigo ƙasar Gwandu, sitonsa kuma yake Kalgo.

Ranka shi daɗe, ka taɓa tambayar kanka daga hannun wa geron da kake shan furarsa ya fito kafin ya kai gona? Ba mai huɗa nake nufi ba. Ina nufin wanda ya zaɓi zangarniyar, ya ɓoye ta daga ɓera da ƙwari da yunwar 'ya'yan cikinsa har ruwa ya sauka. Ka san ko namiji ne ko mace? In ka sani, me ya sa da kuka zo garinmu maza kaɗai kuka tara?

Yi haƙuri, na sa tambaya gaban gaisuwa. Halina ke nan, a gida ma an gaji da yi mini faɗa a kai. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, da fatan zafin bazarar nan ya zo muku da sauƙi.

Sunana Umaru, Auta ake ce mini. Ƙauyenmu yana tsakanin Dodoru da Gwandu. Ban shiga ajin boko ba ko na yini ɗaya. Allo na yi. Bokon da kake gani na tsince shi ne daga wani tsohon littafin firamare da yayana Sani ya yar, da guntayen jaridar da ake ƙunsa tsire a kasuwar Gwandu, waɗanda nake shanyawa man ya bushe in karanta. Don haka in ka ga harafi ya karkace, ka bar shi a karkace, ka dubi maganar. Na so in faɗa maka ita baki da baki. Na je Kalgo, na koma, na sake komawa, ko ƙeyarka ban gani ba. Shi ya sa na aika wa jarida, kowa ya karanta, tunda na lura abin da kowa ya gani ne kaɗai ke tashinku daga kujera.

Na farko, abin da kuka ɗauka.

Mahaifiyata, wadda nake kira Inna, tana da wani gero da mata ke ce wa geron Tumba. Tumba kakata ce, uwar Inna. Cikin ƙoƙo ta zo da shi ƙasar nan, ita ma daga hannun tata uwar. Gero ne mai gashi, zangarniyarsa gajera, ba shi da kyan gani. In ka ajiye shi kusa da naku mai tsawo da santsi, ko yaro naku zai nuna. Amma gashin nan yana tsone wa jan-baki ido, tsuntsu ya sauka ya tashi bai ci ba. Kuma yana nuna da wuri, tsakiyar marka, lokacin da rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, uwa tana ƙara wa kunu ruwa tana ce wa yara yau mai ruwa-ruwa take sha'awa.

Inna ba ta shuka shi a gandun gida. Tana da gayauna, 'yar gonarta ita kaɗai, can bayan tudu, nesa da gonakin mutane, don kada bununin wani gero, wato ƙurar furensa, ya hau shi. In kaka ta yi, kafin a sa wuƙa, ita kaɗai take shiga, ta bi kunya-kunya tana taɓa kowace zangarniya, ta yanke waɗanda suka yi mata. Ta shanya, ta murje da tafin hannu, taɓarya ba ta taɓa su. Ta tankaɗe toka ta cuɗa da tsabar, ta zuba a tukunya, ta liƙe bakin da laka da kashin shanu, ta danna yatsunta uku a kai, ta ɗaura tsumma shuɗi a wuyan. Bayan gadonta tukunyar ke zama, inda rana ba ta kaiwa.

Da hadari ya fara haɗuwa gabas, sai gidanmu ya cika da mata. Daga Masama, daga Dalijan, har matan ruga da ƙoren nononsu. Ba saye ake yi ba. Wata ta zo da irin kuɓewa, wata da riɗi, wata da gujiya, wata hannunta kawai ta zo da shi, ita ma a ba ta. Akwai ƙawar Inna, Goggo Dije ta Masama, tun daga zaure za ka ji muryarta:

"Ina uwar rowa? Fito da tukunya, ko sai mun yi miki kuka?"

Inna ta ce, "Wanda anka ba ki bara, shuka shi kinka yi ko dama shi kinka yi?"

"Mijina ya sha, ni ban sha ba."

"To bana shi ya zo da kansa, da ɗankwali."

A yi ta dariya har tuwo ya kusa ƙonewa. Ni ina ƙarami, a wannan ranar nake cin ƙosan gari uku. Na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Na biyu, yadda aka ɗauke ta.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka, damina biyu ke nan da suka wuce, muna Jihar Sakkwato a lokacin, malamin gonarku ya zo bisa babur, mota tana biye. Mai gari ya sa aka yi shela, maza suka taru gindin tsamiya. Ina wurin, can baya inda samari ke tsayawa. Aka ce an zaɓi garinmu don a yaɗa sabon iri, za a ba da iri, a ba da takin zamani. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya shuka tsohon gero, don iska tana ɗaukar bununi daga wannan gona zuwa waccan, irin ya gauraye. Wannan gaskiya ne, ban musa ba, ai dalilin da ya kai Inna bayan tudu ke nan. Aka ce kowa ya kawo tsohon irinsa a kai Kalgo a ajiye, bayan damina biyu a mayar wa kowa nasa. Da kunnena na ji. Maza suka ce madalla, aka shafa fatiha, aka watse.

Ba wanda ya ce, to matan fa? Mazan ba su faɗa ba, don a wurinsu irin da ke ɗakin mace wasan tsofaffi ne. Ku kuma ba ku tambaya ba.

Ranar da motarku ta dawo kwasar irin, matan unguwarmu sun tafi ta'aziyya Dalijan, ni na raka Inna ina ɗauke mata da kaya. Baffa Ladan, ƙanen mahaifina, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Ya ji tsoron kada a ga tsohon iri a gidanmu a hana garin taki, a ce shi ya jawo. Sai ya ɗaga labulen ɗakin matar wansa ya shiga.

Da muka dawo da la'asar, Inna ta shiga ajiye mayafi, sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa, na same ta durƙushe bayan gado tana shafa zoben da gindin tukunyar ya bari a ƙasa. Ta tashi ta fito har bakin zaure, inda ba ta taɓa tsayawa in akwai maza ba.

"Ladan, wa ya shigar mini ɗaki?"

"Innar yara, aikin hukuma ne. Ajiya anka kai, ba sata ba. Damina biyu kamar gobe ne."

"Ka tambaye ni?"

"Mi za ni tambaya? Gero ne fa, ba zinariya ba."

Ta dube shi, ta juya ciki. Tun daga ranar, in ya yi sallama tana amsawa, don sallama ta Allah ce, amma iyakarta ke nan.

Na uku, abin da ya biyo baya. Zan faɗi naku na kirki, kada a ce yaron nan baƙin ciki ke damunsa.

Daminar farko irinku ya yi. Wallahi ya yi. Taki ya zo da wuri, ruwa ya daidaita, maza suka riƙa tsayawa bakin gona suna auna zangarniya da kamun hannu suna ihu. Baffa ya zaɓi wadda ta fi tsawo ya aika wa Inna bisa faifai. Ta karɓa ta ce Allah shi amfana, ta soke ta a danga. Malamin gonarku ma mutumin kirki ne, yana shan rana tare da mu, bai taɓa ƙin furar kowa ba.

Damina ta biyu, an yi shuka a garuruwan maƙwabta har an fara noman firi, wato noman farko, mu muna zaune muna kallon hanya, don an ce kada mu maimaita na bara, sabo na zuwa. Da motar ta iso, ruwa ya yi nisa. Takin da ya biyo ta kuwa, in ka ga rabon kowane gida sai ka ce gishirin miya aka aiko. Marka ta zo, rumbuna sun yi ƙasa, babu geron Tumba da za a karyo a yi tumu a toshe bakin yara. Da naku ya fara ƙosawa, jan-baki ya taso daga fadama ya rufe sama. Zangarniya santsi, sai ka ce tabarma aka shimfiɗa masa. Muka yi ta kaɗa gwangwani da majajjawa daga fitowar rana har faɗuwarta, murya ta dushe, tsuntsu ya ci ya ƙoshi ya tafi.

Ka san wa ya riƙe garin a wannan markar? Je ka tambayi kowane yaro me ya ci. Tafasa ya ci, da rama, da kwaɗon zogale, da waken da uwarsa ta soka a gefen kunya ba wanda ya lissafa shi cikin amfanin gona. Mata ne suka bi jeji da ƙwarya, su ne suka san yawan tsabar da za a fitar yau don gobe ma a ɗora tukunya. Inna ta riƙa cewa azumin nafila take yi. Na san ba duka ne na nafila ba.

Wasu matan sun ɓoye ɗan geron Tumba a ƙullin zane, suka shuka bayan ɗaki. Bununin naku ya hau shi, ya fito ba gashi ba tsawo, ba naku ba ba namu ba. Matan sauran garuruwa kuwa ba sa ajiye irin, kowace shekara daga hannun Inna suke karɓa. Ashe tsantsarsa ɗaya ta rage a duk ƙasar nan, ita ce wadda ke cikin tukunyar.

Bayan kaka yayyena biyu, Sani da Garba, suka tafi ci-rani, ɗaya Ikko ɗaya Badun. Sun ce kafin ruwa za su dawo. Saƙon da ya zo da wani direba ya nuna ba su da niyya. 'Yar'uwarmu tana gidan mijinta. Sashenmu yanzu daga ni sai Inna sai akuya ɗaya. Matan da ke cika gidan sun daina zuwa, ba don gaba ba, me za su zo ɗauka? Goggo Dije ta zo sau ɗaya bara, ta shigo da wasanta na uwar rowa, Inna ba ta mayar mata ba. Suka zauna suna kallon ƙasa, ta sha ruwa ta tafi. Ranka shi daɗe, na san gidan nan da hayaniyar da ba ka jin kiran salla sai ka fita waje. Yanzu in Inna tana tsince wake a ɗakinta, daga nawa ɗakin ina jin faɗuwar kowace ƙwaya a faifai.

Ni ma ba ni da abokin wannan magana. In na zauna wurin mai shayi a Gwandu, kafin in ce komai wani zai ce, "Ku matsa, Lauyan Tukunya ya iso." Wani ya ce, "Auta, yaushe za a shiga kotu, mu zo da murfi shaida?" Ina mayar musu, bakina bai mutu ba, amma in na kama hanyar gida ni kaɗai nake tafe. Baffa kuwa cewa ya yi karatun takardar tsire ne ya taɓa mini kai.

Na huɗu, abin da na gani a Kalgo.

Alkawarin damina biyu ya cika tun kakar da ta wuce. Na jira, shiru. Sai na ari keke na bi ta Birnin Kebbi har Kalgo. Zuwan farko aka ce malamin gonar an yi masa canjin wurin aiki. Na biyu na samu mai sito, wani mai farar riga da biro a aljihu. Ya ce buhunan tsohon irin da maza suka kawo ƙwari sun cinye su tuntuni, an share an zubar. Na ce ba buhu nake nema ba, tukunya ce. Ya ce shi buhuna aka damƙa masa, ba a damƙa masa tukunya ba, abin da ba a damƙa masa ba kuwa ba zai iya fitar da shi ba. Na ce to tunda ba taka ba ce, ba ni in tafi. Ya ce sai da izinin Shugaba. Na ce ina Shugaba? Ya ce tun da aka raba jiha kana tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi. Na ce masa, "Malam, da tukunyar dambun nama ce, da tuni izini ya samu." Ya sa aka fitar da ni. Na yarda bakina ya yi zafi. Amma ka hau keke daga Gwandu cikin wannan rana a ce maka abin da ke ciki ba ya ciki, mu ga naka bakin.

Zuwa na uku ofis a rufe. Na zauna kan benci ni kaɗai har inuwa ta juya. Maigadinku, wani dattijo mai carbi, ya ji tausayina ya miƙo mini buta in sha. Da na kwatanta masa abin da nake nema, sai ya saki carbin.

"Mai shuɗin tsumma? Taku ce? La'ilaha illallahu! Ɗan samari, mu nan asiri munka ɗauke ta. Leburorin da sunka sauke ta sun ga toka a baki, ga tsumma, ga shaidar yatsu, sunka ce wani ne ya yi wa sito sammu. Tun ranar ba wanda ya taɓa ta. Ko shara anka zo yi, kewaye ta ake yi."

Ya kai ni bayan ginin, ya ɗora mini bulo, na leƙa ta taga. Ga ta can a lungu, bayan tankunan feshi da tarin buhunan da ba komai ciki. Bakinta a liƙe. Yatsun Inna uku suna nan a kan lakar kamar jiya ta danna su. Na tsaya kan bulon nan ban san lokacin da na ce mata sannu ba.

Ka ga abin dariya, Ranka shi daɗe? Duk ilimin da ke cikin shirin nan, abin da ya tsare irin Inna shi ne tsoron sammu. To ga inda dariyar ta ƙare. Dattijon ya gaya mini an ce za a kwashe siton kafin sabon kaya ya iso, kuma leburori sun ce ba za su ɗaga ko buhu ɗaya ba sai an kira malami ya yi tofi, an fita da tukunyar bayan gari an fasa an binne. Izininka kawai ake jira. Izinin da aka hana ni don in kai ta gida, shi ake jira don a fasa ta.

Da na dawo na gaya wa Inna, tana zaune tana kaɗi. Ba ta ɗago ba.

"Bakin a liƙe?"

"A liƙe, Inna."

"Rufin ɗakin na mi ne?"

"Kwano."

"Rana na taɓa ta?"

Na so in ce a'a. Na ce da yamma tana shiga ta taga ta sauka a kanta.

Ta daɗe tana murza mazari. Sannan ta ce iri cikin toka yana jure damina biyu a ɗaki mai sanyi, ta uku sai abin da Allah ya tsare. A ƙarƙashin kwano kuwa ba ta sani ba, ba ta taɓa gwadawa ba. In aka shuka bana, ko ɗaya cikin goma ya tsiro, ya ishe ta ta tayar da shi. In bana ta wuce, toka ce kawai za a kawo mata.

Washegari da na tashi ban gan ta ba. Na bi sawu har kan tudu, na hango ta can ƙasa cikin gayaunar, ita kaɗai, tana sassabe da tsohuwar fartanyarta, tana tara kara tana ƙonawa. Gonar da ba ta da abin shukawa a ciki take gyarawa. Ban sauka ba, don na san ba ta son a gan ta. Na zauna kan dutse har ta gama.

Na biyar, kuma a nan maganar ta wuce gidanmu.

Kullum rediyo tana gaya mana ƙasa ta ci abin da ta noma, an rufe ƙofar shinkafar waje da alkama, a dogara da kai. Na ji, na kuma yarda. Amma garin da sai ya zauna yana kallon hanya ko mota za ta kawo masa abin shukawa, da kan wa ya dogara? Da can in ruwa ya sauka da asuba, kafin hantsi an fita shuka, don irin yana bayan gado. Yanzu in ruwa ya sauka sai mu tambayi juna ko an ji labarin mota. In taya ta fashe a hanyar Kalgo, gari guda ya makara. Wannan shi ne wadata ƙasa da abinci da nake karantawa a jarida?

Hotunan da kuke mannawa a bangon ofis na gan su: namiji da garma, namiji bisa tarakta, namiji yana dariya da dami a ka. In mace ta fito, tana gefe ne da tulu. Alhali gero daga rumbu zuwa baki, duk a hannunta yake bi, kuma a ƙasarmu irin kuɓewa da yakuwa da riɗi da wake da gujiya, in ka cire wanda ke ƙulle a ɗakunan mata, ban san abin da zai rage ba. Kowace tsohuwa a ƙauyukan nan sito ce, ba maigadi, ba rufin kwano, ba ta kuma taɓa cewa a dawo gobe.

Na san abin da za a ce: matan suna cikin gida, ba a shiga. To da aka zo allurar rigakafin yara, wa ya shiga? Mata aka turo, suka bi gida-gida, ba wanda ya hana su. Ashe in ana son hannun jariri an san hanyar cikin gida, in maganar iri ce sai a tsaya gindin tsamiya. Da mace ɗaya kuka aiko ta zauna kan tabarmar Inna ta yi mata bayanin bununi, da ta ce muku gonarta tana bayan tudu, ba abin da zai haɗa geronta da naku. Da kun yi shirinku, ta yi nata, da a markar bara yara sun ci tumu. Ban ce a kore sabon iri ba. A kawo shi, in ya yi mu gode. Abin da na ƙi shi ne a karɓe wanda ke hannunmu kafin a san ko naku zai zauna.

Ga abin da nake roƙo, kuma na rage shi don kada a ce ya yi yawa.

A dakatar da maganar fasa tukunyar yau, kafin ka ninke jaridar nan. Ba sammu ba ne. Gero ne da toka.

A buɗe siton a kawo ta kafin ruwan farko, a tsaye, bakinta a liƙe, kada a jijjiga ta a bayan mota kamar buhun taki. Kada a ba mai gari, kada a ba Baffa, ni ma kada a ba ni. Daga ɗakinta aka ɗauka, a hannunta za a sa. In ba mota, a ba ni takardar izini, ni zan goyo ta a bayana daga Kalgo.

In kun sake shiga wani gari da sabon iri, ku tafi da mace cikin ma'aikatanku, ta shiga gida ta tambaya kafin a shafa fatiha.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya tsare ka daga ranar da za ka leƙa rumbu ka ga ƙasa. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, kuma in ka je gaishe ta ka tambaye ta inda take ajiye irin kuɓewarta. In ta rigaye mu, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta.

Saura abu ɗaya. Kada a aiko mini amsa cikin ambulan, kada a kira ni ofis a ba ni lemo. Ni ba a ɗauki komai nawa ba. Wadda aka ɗaukar wa ba ta karatu, matan Masama da Dalijan da na ruga da suka daina zuwa su ma ba sa yi. Rediyo suke ji. Ka shiga filin manoma da bakinka, ka faɗi inda tukunyar take da ranar da za ta iso. In kuwa an riga an fasa ta, ko zafin kwanonku ya kashe irin, shi ma ka faɗa a nan, kowa ya ji, kada tsohuwa ta ci gaba da sassabe.

Kuma ka kira ta da sunanta. A ƙasarmu ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, tun da aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba. Yau zan rubuta shi, Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe mini, don kada ka ce ba ka san wa za ka amsa wa ba. Hadizatu 'yar Tumba. Gonarta a share take. Jiya da la'asar an yi walƙiya gabas, ta fito tsakar gida ta tsaya tana kallo. Ka amsa mata.

Wassalam.

Umaru Auta,
daga wani ƙauye tsakanin Dodoru da Gwandu.